Ku Tambaya Mu Amsa: Ouro Preto, garin zinaren da talauci ya adana

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Aiki zai kai ni Burazil na sati biyu, kuma abokan tafiya sun dage sai mun leƙa wani gari wai shi Ouro Preto, na ga hotunansa duk coci-coci ne da tsofaffin gidaje a kan tudu. Ni dai sanina garin haƙar zinare da zarar zinaren ya ƙare sai ya koma kufai, to shi wannan ya aka yi ya tsira? Kuma in na je me zan duba? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kai ka lafiya. Kar ka bari a tafi ba kai, garin bai fi kilomita 100 daga Belo Horizonte ba, bas ma na zuwa.

Abin da ya cece shi zai ba ka dariya, talauci ne. A ƙarshen shekarun 1690 aka gano zinare a tsaunukan, mutane suka yi ta kwarara, a 1711 aka ba wurin matsayin gari da sunan Vila Rica, wato gari mai arziki. Sunan Ouro Preto kuma ma'anarsa baƙin zinare, don zinaren wurin yana fitowa ne lulluɓe da wani baƙin tsatsan ƙarfe. Kafin ƙarnin 18 ya ƙare zinaren ya ja baya, sannan a 1897 aka ɗauke hedikwatar jihar Minas Gerais daga garin aka mayar Belo Horizonte, manyan ma'aikata da masu kuɗi suka tattara suka bi ta. Waɗanda suka rage ba su da kuɗin rushe gidan kaka su ɗora bene, haka aka bar komai yadda yake. Da hedikwatar ta zauna, ni a ganina da yanzu ofisoshin siminti da gilashi za ka tarar. A 1933 gwamnati ta ayyana garin a matsayin kayan tarihin ƙasa, a 1980 UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Burazil.

Ka fara daga dandalin Tiradentes. Mutumin da aka sa wa dandalin sunansa yana cikin waɗanda suka ƙulla tawaye ga Fotugal, mai mulkin Burazil a lokacin, a 1789, kuma haraji na cikin manyan dalilai, don sarkin Fotugal humusi yake karɓa, kashi ɗaya cikin biyar na duk zinaren da aka haƙo. Asiri ya tonu, aka rataye shi a Rio a 1792, aka kawo kansa garin aka kafe don a tsorata jama'a. Tsohon ginin majalisa da kurkuku da ke dandalin shi ne yanzu gidan tarihin wannan tawaye. Daga nan ka gangara cocin São Francisco de Assis ka ga sassaƙar Aleijadinho, ɗan wani magini Bafotugale da baiwa baƙar fata, wanda ya yi ta sassaƙa dutse ko bayan da ciwo ya nakasa masa hannuwa. Ba sai ka shiga da niyyar ibada ba, aikin hannu za ka kalla.

Amma ni inda na fi so ka daɗe shi ne Casa dos Contos, gidan wani attajiri mai karɓar haraji, ka sauka ƙasan ginin inda ake ajiye bayi. Hotunan da ka gani ba sa nuna wannan, alhali bayin da aka kwaso daga Afirka su suka haƙa ramukan, su suka ɗauki duwatsun, kuma ƴan kasuwar bayi sun fi neman mutanen gaɓar Afirka ta Yamma don ana ganin sun san aikin zinare tun daga gida. Cocin Santa Efigênia da ke can saman tudu ƙungiyar baƙaƙen fata ce ta gina ta, akwai labarin baka na Chico Rei, wai sarki ne da aka bautar ya fanshi kansa ya fanshi mutanensa, wai mata suna ɓoye garin zinare a gashi su wanke a coci. Ka ji shi a matsayin labari. In kana son shiga rami kuwa, a tsohuwar mahaƙar zinare ta Mina da Passagem kan hanyar garin Mariana ana saukar da mutane a wani ɗan tarago.

Batun adanawa fa ba a gama ba. Hukumar IPHAN mai kula da kayan tarihin ƙasar, wadda aka kafa a 1937, ita ke sa ido, mai gida a tsakiyar gari ba ya canza fuskar gidansa sai da izininta, gyara kuma da tsada. Gidajen manne suke da juna ga katako ko'ina, shi ya sa gobarar 2003 da ta cinye otal ɗin Pilão a dandalin ta tayar da hankali sosai. Ga manyan motoci na girgiza tsofaffin bango a ƴan siraran tituna. Sai ruwan sama, a Janairun 2022 ƙasa ta zaftaro daga tudun Morro da Forca ta danne gidan Solar Baeta Neves na ƙarni na 19 cikin daƙiƙoƙi, Allah ya sa an riga an janye mutane daga wurin.

Ka tafi da takalmi mai riƙo, titunan dutse ne da hawa da gangara, in an yi ruwa santsi kamar me, kuma Disamba da Janairu ruwa ake sosai. Kar kuma ku sa tafiyar ranar Litinin, wurare da dama a rufe za ku same su.