Kawu, ga amsar tambayarku

Kawu, ina gaisuwa da ladabi. Yaya damina, yaya mutanen gida da na ikilisiya? Na ji saƙonku, kuna tambaya wai gaskiya ne mu Kiristocin Arewa da ke Landan mun watsar da ɗarikarmu, muna sujada a cakuɗe da kowa.

Ba mu watsar ba, Kawu. Ni har gobe 'yar ɗarikar ECWA ce, ban manta ba ku kuka koya mini cewa daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM ta fito a 1954. Amma a nan idan na ce sai ɗan ECWA zan zauna da shi, to ni da bango za mu zauna. Kowa yana zuwa majami'ar da ke kusa da shi ran Lahadi, sujada da Turanci, awa ɗaya an tashi, a sha shayi a watse. Mutanen kirki ne, ba na zarginsu. Sai dai sau ɗaya a wata muna hayar wani ɗaki mu taru, ɗan COCIN daga Filato, ɗan EYN daga Adamawa, ɗan Baftis, ɗan Angalikan. Yawancinsu ma ba Hausawa ba ne, amma da Littafi Mai Tsarki na Hausa aka rene su, wanda tun 1932 yake hannun iyayenmu. Ranar da na fara jin an ɗaga waƙa da Hausa, wata uwa tana buga tulun da ta ɗauko tun daga Jos, wallahi kuka ya hana ni bin baitin.

Ku a ƙasar Sumaila zumunci yana iske ku har gida. Idan gonar wani dattijo ta fi ƙarfinsa, matasan ikilisiya su yi masa gayya, ba sai ya roƙa ba. A nan ba a shiga gidan mutum da sallama kawai, sai an buga waya an sa rana. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, kowa ya kulle ƙofarsa. Mutum zai iya kwanciya ciwo mako guda maƙwabci bai sani ba.

Da na haifi ƙaramar, Inna ba ta samu biza ba. Na raba tsakar dare ina tunanin wa zai dafa mini ruwan jego. Sai zumuntar mata suka raba kwanaki a tsakaninsu, har arba'in. Wata 'yar Kagoro, ma'aikaciyar jinya, takan tashi daga aikin dare, ta hau jirgin ƙasa ta zo da kunun kanwa a fulas, idonta jajir don barci. Ta gasa wa jaririya cibiya, ta wanke kwanuka, mu yi addu'a, sannan ta gyangyaɗa a kujera. Ban taɓa tambayarta ɗarikarta ba sai bayan wata uku.

Haka muke yi in an yi rasuwa. A ranar za a sa sanarwa a WhatsApp, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, don kai gawa gida kuɗi ne mai nauyi, a kuma zauna makoki da iyalin.

Abin da ke damuna, ba zan ɓoye muku ba, yaranmu ne. Suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, shi ya sa muke sa su haddace aya da Hausa duk taro. Ku sa mu a addu'ar safiya. In an samu mai zuwa, a aiko mini da kuka da daddawa, ni ce da girkin taron Kirsimeti.