Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Kanada

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin cewa an ba ka gurbin karatu a lardin Ontariyo. Allah Ya sanya alheri. Abu biyu ka tambaye ni: ko sanyin nan ya fi na Jos a tsakiyar hunturu, da kuma ko aikin rufe gidajen hutu na bakin tafki da ka ji ɗalibai na yi yana da tsoka. Amsar duka biyun tana cikin kwana biyun da na yi a tsare a wani irin gidan.

Mutanen Toronto masu hali suna da ƙananan gidaje a bakin tafkuna, musamman a yankin Muskoka, tafiyar kamar awa 2 a mota zuwa arewa. Kotej suke kiransu. Da zafi suke zuwa su huta, idan sanyi ya gabato sai a rufe gidan har baɗi. Yawanci a watan Oktoba ake rufewa, wajajen hutun godiyarsu da ke faɗowa Litinin ta biyu ga watan. Rufewar ba jan ƙofa da sa kwaɗo ba ce kawai. Ruwa idan ya daskare ƙara girma yake da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ɗan ƙarin ya isa ya tsaga bututun ƙarfe. Saboda haka sai ka kashe injin famfo, ka zaro bututun da ke jan ruwa daga tafki, ka buɗe kowane famfo ya tsiyaye, ka hura iska da inji ta koro ragowar, sannan ka zuba wani ruwan magani mai launin hoda a masai da magudanai don kada su daskare. Firji a kashe shi a bar ƙofarsa a buɗe. Abinci kuwa ko ƙwayar shinkafa ba a bari, saboda ɓeraye.

A ƙarshen Nuwamba 2024 mai ɗan kamfanin da nake yi wa aiki ya turo mu wani gida kusa da garin Gravenhurst da ke yankin Muskoka, ni da wani ɗan'uwa Bahaushe ɗan zangon Kumasi. Mai gidan ya yi rashin lafiya, shi ya sa aka makara. Ran Juma'a ce. Tun da safe na ga gargaɗin hukumar yanayi a wayata cewa za a yi zubar dusar ƙanƙara mai ƙarfi a yankin. Na gani da idona, amma na yi shiru. Mutumin nan ya ba ni aiki lokacin da ba ni da kowa, sai na ji nauyin in ce masa ba zan je ba. Ka san tarbiyyarmu, babba ya aike ka ba ka tsayawa gardama. Na ce a raina ai aikin awa 4 ne, mu gama mu juyo.

Da muka isa sama garau take. Muna cikin hura bututu na leƙa ta taga, sai na nemi motarmu na rasa, alhali ba ta fi taku 20 daga ƙofa ba. Fari fat, ba sama ba ƙasa. Daga baya na fahimci dalilin. A farkon sanyi ruwan Georgian Bay, wato gefen tafkin Huron, bai riga ya daskare ba, yana da sauran ɗumi. Iska mai tsananin sanyi idan ta ratsa ta kansa sai ta ɗebi danshi, ta zo ta juye shi a kan tudu a siririn layi. Garin da layin ya tsaya a kansa ya shiga uku, na kusa da shi kuma wataƙila rana suke gani. A wannan karon layin ya ƙi matsawa. Gravenhurst ta samu kimanin santimita 140, wato har ƙirjin namiji, aka rufe babbar hanya mai lamba 11, mutane suka kwana cikin motocinsu, ran 1 ga Disamba garin ya ayyana dokar ta-ɓaci.

Mu kuma gidan yana ƙarshen wata ƴar hanya ce ta masu gidaje, wadda motar ƙaramar hukuma ba ta share ta. Ga shi da hannunmu mun riga mun kwashe duk abin da ke sa gida ya zaunu. Ruwa mun tsiyaye, abinci mun ɗaure a leda za mu zubar, ba a jima ba wutar lantarki ta ɗauke. Rana a wannan lokacin tun kafin ƙarfe 5 take faɗuwa.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro har yau shi ne na mota. Muka lallaɓa muka shiga, muka tayar da ita don mu ji ɗumi mu yi cajin waya. Bayan wani lokaci kaina ya fara sarawa, ɗan'uwan nan ya ce barci yake ji. Allah Ya sa na tuna wani abu da aka taɓa gaya mana a wurin aiki, na fita na zagaya baya. Dusar ƙanƙara ta binne salansa gaba ɗaya, hayaƙin yana komawa ƙarƙashin mota yana shigo mana. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce dai ke kashe mutanenmu a gida idan an kwana da kaskon gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Na jawo shi waje, muka tsaya cikin iska muna haki.

Muka koma ciki. Akwai murhun itace na ƙarfe, da itace a jibge a baranda. Na hura wuta sai hayaƙi ya turnuƙe falon, ashe mun manta mu da kanmu muka rufe murfin bututun hayaƙi da rana. Da muka buɗe ne wutar ta kama sosai. Muka rufe sauran ɗakuna, muka jawo katifa gaban murhu. Ruwan sha da na alwala kuwa sai mu cika tukunya maƙil da dusar ƙanƙara mu ɗora, ta narke ta bar ɗan abin da bai fi kofi biyu ba a gindi. Muka kwance ledar da za mu zubar, muka samu gwangwanin wake da biskit. Da su muka yi kwana biyu. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, na samu na tura wa maigidan aikin saƙo ɗaya da lambar gidan, na kashe wayar don batir.

Ran Lahadi da hantsi muka ji ƙarar inji. Wani dattijo ne da ke zaune a can duk shekara, ya hango hayaƙi daga gidan da ya san ya kamata a ce babu kowa, ya hawo babur ɗin kan ƙanƙara ya zo dubawa. Shayi ya kawo mana a filas. Ya kalli takalman ƙafata na kanti, ya cire safarsa ta ulu da ya riƙe ta ajiya ya miƙo min. Shi ya kai mu gidansa ɗaya bayan ɗaya. Motar sai da ta ƙara kwanaki kafin a tono ta.

To, kan sanyin Jos, kada ka kwatanta. Namu na gida haƙuri da bargo suna maganinsa, wannan kuwa idan bai same ka a shirye ba yatsu yake ci, wani lokaci rai. Kan aikin kuma, halal ne, kuɗinsa ba laifi, kuma za ka koyi aikin famfo da zai amfane ka. Amma na ɗan lokaci ne, daga Satumba zuwa Oktoba, sai kuma buɗewa a watan Mayu, don haka kada ka ɗora kuɗin makarantarka a kansa. Ka kuma tuna doka ta ba ɗalibin waje damar aikin awa 24 ne kawai a mako a wajen makaranta lokacin da ake karatu, ka sake dubawa kafin ka taso domin suna canzawa.

Idan ka karɓi aikin, ka tambayi ko motar tana da tayar sanyi, domin a Ontariyo ba dole ba ce kamar yadda take a lardin Kebek, wasu sai su ƙi sawa. Ka ajiye shebur, bargo, ashana da abinci a but. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. Idan kuma ka ga gargaɗi a waya, ka buɗe baki ka ce ba za ka ba. Da na koma na faɗa wa maigidan aikin cewa na ga gargaɗin tun da safe, sai ya dube ni da mamaki ya ce me ya hana ni magana, ai da ya ɗage aikin.

Kada ka sayi rigar sanyi a Kano, ba za ta yi ba. Ka turo min ranar saukarka da lambar takalminka, zan zo filin jirgi da riga da takalmi in sha Allahu. Ka gaida su Umma.