Amsa: na'urar da ke auna numfashi ba tare da ta taɓa mutum ba

Malam Sani, ka tambaya ko da gaske akwai na'urar da ke ƙirga numfashi da bugun zuciya daga nesa, kuma ko tana cutarwa. Akwai ta wallahi, radar ce. Tana aika igiyar rediyo zuwa ƙirjin mutum, ta dawo, sai ta auna motsin ƙirjin, numfashi na ɗaga shi 'yan milimita, bugun zuciya ko bai kai milimita guda ba, shi ya sa kama shi ya fi wuya. Riga ko bargo ko gidan sauro ba su tare ta.

Cutarwa kam ka kwantar da hankalinka, ba irin hoton ƙashi ba ce, ƙarfinta bai kai na salular aljihunka ba. Tun 2021 Google ya sa irinta cikin Nest Hub, wata ƙaramar na'ura mai allo da ake ajiyewa kusa da gado, don bin numfashin mai barci.

Ni abin da ya fi taɓa ni bakwaini ne da wanda ya ƙone, fatarsu ba ta son a yi ta manna mata wayoyin na'urar awo, ita kuwa radar ba ta taɓa jiki. Amma fa in majinyaci na juye-juye, ko uwa na kwance da ɗanta gado ɗaya kamar yadda muke yi nan Maradi, lissafin na rikicewa. Mai ciwon zuciya ya je likita ya duba shi, kar ya dogara da ita.