Gidan hutu a dajin bakin teku: ta yaya zai riƙe kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Sidni ta ƙasar Ostireliya da iyalina. Mun sayi fili a daji kusa da teku, kudancin jihar New South Wales, muna son gina gidan hutu da ba za mu riƙa zuwa ba sai yara sun samu hutu. Ta yaya za a gina shi kada gyare-gyare su cinye mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a filin. Gidan da zai yi watanni babu kowa a ciki, tun daga zane ake shirya shi ya kare kansa, kuma wuta ce ta fi damuna da wurin naka.

A wannan gaɓar ce gobarar daji ta ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 ta yi ɓarna, a garuruwa irin su Kobago da Malakuta (wannan a jihar Victoria mai maƙwabtaka), ta ci gidaje sama da 3,000 a faɗin ƙasar. Yawancin gidajen da ke ƙonewa a irin wannan gobara, tartsatsin da iska ke ɗaukowa daga nesa ne ke kama su. Sai ya faɗa magudanar rufi mai cike da busasshen ganyen turare, ko ya kutsa ƙarƙashin dandamalin katako, ya yi ta ci a hankali babu mai kashewa. Saboda haka kafin ka biya mai zane ko sisi, sa a auna matakin haɗarin wuta na filin. Ƙa'idar gini ta AS 3959 ta kasa shi mataki shida, daga BAL-LOW (mafi ƙarancin haɗari) zuwa BAL-FZ (mafi tsananin haɗari), kuma matakin da ka faɗa shi zai faɗa maka irin gilashi, bango da ƙofar da aka yarda ka sa. Wani lokaci matsar da gidan 'yan mitoci daga bishiyoyi, ko daga saman gangare, na sauko da matakin, kuɗin gini ya ragu sosai. Duk kafar iska a toshe ta da ragar ƙarfe wadda idonta bai wuce milimita 2 ba.

Rufi kuwa, ka yi shi miƙaƙƙe, shafi ɗaya ko biyu, ba mai lungu-lungu ba, don kowane lungu matattarar ganye ce kuma mafarin yoyo. Idan ka samu dama ka duba hotunan gidan Magney da mai zanen gine-gine Glenn Murcutt ya zana a Bingi, a wannan gaɓar taku, aka gama a 1984: dogon gida ɗaya na ƙarfe da kwano, yana fuskantar arewa, ɓangaren da rana ke bi a Ostireliya, don ya sha ranar hunturu, rufinsa na tara ruwan sama. Wannan tsarin nake so maka, ko da a ƙaramin gida ne.

Sai gishiri. Iskar teku tana cin ƙarfe, kuma tsatsa ta fi kama inda ruwan sama ba ya wankewa, kamar ƙarƙashin bakin rufi. Idan kana kusa da inda igiyar ruwa ke fashewa, sayi kwanon da aka yi don bakin teku, irin Colorbond Ultra, kusoshi da maɗaurai kuma masu jure gishiri waɗanda suka dace da kwanon. Nan ne mutane ke tsumulmula, bayan 'yan shekaru su ga jan zane yana gangarowa daga kowace ƙusa. Duk zuwan da za ka yi, ɗauki tiyo ka wanke wuraren nan da ruwan daɗi.

Baranda ta katako tana da kyau, amma tana son mai kusan kowace shekara, ga gara. Ni dai kankare nake ba da shawara, a bar gefen daɓen a fili yadda za a ga hanyar gara idan ta taso, a kuma kira mai duba gara sau ɗaya a shekara.

Ruwa ba zai ba ka wahala ba: kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Tankin ya zama na ƙarfe ko kankare, domin na roba narkewa yake yi, kuma hukuma za ta nemi ka ware ruwan 'yan kwana-kwana da bakin famfon da tiyonsu zai shiga. Ka nemi farashin inshora tun kafin a haƙa tushe, ka kuma yi yarjejeniya da wani a unguwar ya riƙa yanke ciyawa da share magudana kafin watan Oktoba, lokacin da aka saba shiga kakar gobara a jihar.