Kafin ki biya kuɗin littafi, ƙirga jihohi

Wani ɗalibi daga Pantami: "An ba mu aikin gida kan yaƙin Burmi. Akwai mai shagon kwamfuta da ke rubuta wa yara in sun biya. In kai masa?"

Kai masa mana, ranar jarrabawa ma ka tafi da shi ya zauna maka. Yaro, Burmi fa a Funakaye take, cikin jiharka ta Gombe. Can Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ga bakin zaren na ba ka, nemo sauran da kanka, kuɗin kuma ka sayi biro.

Wata uwa daga Bolari: "'Yata ta rubuta Najeriya jihohi 30 ce, malami ya ba ta sifili, ta dawo tana kuka. Daga littafin da na saya mata a kasuwa ta kwafo. Ni ban yi boko ba. In ɗaukar mata malamin lesin ne?"

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Yarinyar da ta buɗe littafi ta nemi amsa ba daƙiƙiya ba ce, ke ma kin yi iyakar yinki. Mai littafin ne ya cuce ku. An daina jihohi 30 tun 1 ga Oktoba 1996, ranar da Abacha ya ƙara shida, har da Gombe da aka cire daga Bauchi. Wato abin da ke cikin littafin nan ya girmi 'yarki nesa ba kusa ba, bango kawai aka sake masa.

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai murza shadda, ya ɗaga ta a rana, ya ja ciniki rabin awa, amma littafin ɗansa ko buɗewa ba ya yi, da an ce masa rabin kuɗi sai ya miƙa hannu. Na taɓa riƙe irin wannan jabun: taswirar ta yi baƙi ƙirin, ba ka bambance Kogin Gongola da layin iyaka, shafuka huɗu sun yi tsalle, gam yana saki tun a hannun mai shago. Lissafi ba ya tsufa, amma littafin soshiyal yana tsufa. Ki tafi da yarinyar ta buɗe babin jihohi: jihohi 36 sannan ga Abuja, ƙananan hukumomi 774, Gombe na da 11. In bai yi daidai ba, ajiye masa kayansa. Ki kuma karɓo sunan littafin a rubuce daga malaminta kafin ki fita. Maganar lesin a bar ta tukuna.

Wani magidanci daga Kumo yana son saya wa ɗansa na firamare waya "saboda bincike".

Alhaji, ara masa taka, kana zaune kusa da shi. Sunayen Buba Yero da Yakubun Bauchi, waɗanda suka kafa masarautun Gombe da Bauchi, ba sa cin data har ta wata guda.