Tambaya da Amsa: Ina ruwan foransik da kemistiri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni 'yar aji ɗaya ce, foransik (binciken laifi ta hanyar kimiyya) nake karanta, wallahi da zumuɗina na shigo a zatona daga zuwa za a fara koya mana hoton yatsa da DNA kamar yadda muke gani a fim, sai ga shi semesta ta kusa ƙarewa ba abin da muke sai lissafin mol (awon yawan sinadari) da jadawalin sinadarai da dokokin zafi, har na fara jiyo ƙanshin kari-oba, wato maimaita kwas. Don Allah me ya haɗa wannan da kama mai laifi?
Ɗalibarku daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Fim ne ya cuce ki, su a minti biyar kwamfuta ta fito da hoton ɓarawo, ba sa nuna ranar da lauya zai titsiye ki gaban alƙali ya ce ya aka yi kika san jini ne.

A Ingila, farkon shekarun 1830, an gurfanar da wani John Bodle kan zargin ya zuba wa kakansa gubar asinik a kofi. Aka kira masanin kemistiri James Marsh, ya gwada ya ga gubar ta fito, wani gari ruwan ɗorawa, amma kafin a kai kotu garin ya lalace, masu yanke hukunci suka ce ba su gamsu ba aka sallami mutumin, daga baya kuma shi da bakinsa ya amsa laifin. Haushin abin ne ya sa Marsh ya duƙufa har ya fito da sabon gwaji a 1836, a haɗa abin da ake zargi da zinki da asid, in akwai asinik zai tashi a iska, a kunna wa iskar wuta a kara tangaran mai sanyi sai baƙin tabo mai ƙyalli kamar madubi ya manne. To ga inda karatunki ya shigo, wani ƙarfen mai suna antimoni shi ma yana ba da tabo kusan iri ɗaya, bambancin kawai na asinik yana narkewa a ruwan bilic irin su Hypo da kike wanki da shi, na antimoni ko gezau. Wanda bai san wannan ba ai sai ya sa a rataye bawan Allah a banza.

Sinadarin luminol ɗin da kike gani ana fesawa a duhu don gano jini yana haske shuɗi, ƙarfen da ke cikin jini ne yake hanzarta haɗuwar sinadaran, kuma bilic da tagulla su ma suna sa shi haske, ke nan banɗakin da aka wanke tas zai iya yi miki ƙarya.

Dokokin zafin da kike ƙorafi kuwa su na fi so ki riƙe. Ana ƙiyasta lokacin mutuwa ne da yadda gawa ke hucewa daga digiri 37, kuma saurin hucewar ya danganta da tazarar zafin jiki da na wurin da take. Littattafan da kuke karantawa galibi a ƙasashen sanyi aka rubuta su, to ki ɗauko lissafinsu ki kai Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu da zafi ke haura 40, ina gawa za ta huce? Sai ma ta ƙara ɗumi. Mai hadda zai rubuta amsar littafi ya sa hannu abinsa.

Lissafin mol kam ba shi da daɗi, ban musa ba, nima sai da ya sa ni gumi. Amma a 2010 da yara sama da 400 suka rasu a yankin Anka da Bukkuyum na Zamfara, awon yawan dalma a jininsu da ƙasar gidajensu ne ya tabbatar dutsen zinaren da ake niƙawa cikin gida ne sila, awon nan kuwa irin lissafin da kike gudu ne.

Ki riƙa warware tambaya biyar kullum da biro da takarda, kina rubuta ma'auni a gefen kowace lamba don a nan yawancinku kuke zubar da maki, kuma duk rintsi kar ki tsallake ranar shiga lab. Allah ya ba da sa'a.