Yaron da Ya Daina Magana a Aji: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim. Ina da ɗalibi a aji huɗu wanda a da shi ke fara ɗaga hannu, amma tun da ambaliya ta cinye gidansu ya koma bencin baya, ko an tashi tara yana gindin darbejiya shi kaɗai. Na yi faɗa, na sa bulala, abin sai gaba yake yi.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da ka lura da shi, domin a ajin da ya cika maƙil idon malami yana kan mai ƙiriniya ne, mai shiru-shiru kuwa sai a ce yaron kirki, alhali wataƙila shi ya fi kowa jin jiki. Abin dubawa shi ne sauyin hali: mai surutu ya yi tsit, mai haƙuri ya koma faɗa, wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, ko a dinga kukan ciwon ciki duk safiyar makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma firgicin rasa muhalli yana cikin abubuwan da ke tayar da ita.

Ina roƙonka ka ajiye bulalar nan, domin tsoro take ƙara masa. Ka ba shi ɗan aiki kamar goge allo, ka zauna kusa da shi ka fara da tambayar ko ya karya, kada ka matsa masa sai ya ba da labarin ruwan. Ka kuma je ka ga mahaifinsa. Idan aka haura mako biyu yana ƙin abinci ko yana firgita cikin barci, a kai shi asibitin sha-ka-tafi a duba ji da gani da ƙarancin jini, daga nan a tura shi gaba.

Tambaya: 'Yata mai shekara 13 tana faɗuwa a aji tana ihu, har wasu 'yan mata su bi ta. An ce iska ce, an yi ruƙiyya ba ta daina ba. Daga wata uwa a Dawakin Tofa.

Amsa: Hajiya, ku ci gaba da addu'a, amma a haɗa da asibiti. Da farko sai an tabbatar ba farfaɗiya ba ce, wadda ke zuwa da sanƙarewa, cizon harshe ko sakin fitsari. Idan ta faɗi a kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata cokali a baki, in jijjigar ta wuce minti biyar a garzaya da ita. Sau da yawa kuwa damuwa ce ta rasa hanyar fita, sai jiki ya bayyana abin da baki ya kasa faɗa, kuma yarinyar ba ƙarya take yi ba. Ki keɓe da ita ki tambaye ta cikin lallashi game da jarrabawa, talla, zancen aure, ko wani da ke tare ta a hanya. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau yana kusa da ku, zuwa can kuma ba ya nufin hauka.

Tambaya: Wani ɗalibina ya ce gara ya mutu ya huta. In ɗauka wasa ne? Hedimasta, daga yankin Kazaure.

Amsa: A'a, ranka ya daɗe. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa yaro wannan tunani. Ka sanar da iyayensa yau ba tare da tozarta shi gaban 'yan aji ba, su kawar da fiya-fiya da maganin feshin gona daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure tun kafin a kwana.